Nazarin Lamari: Kumburin Ƙasan Idon Wani Karen Gadi da Haƙorin da Ya Haddasa Shi

Karen da wannan nazari ya shafa namiji ne ɗan shekara biyar, ruwa biyu tsakanin karen gida da irin manyan karnukan nan na Jamus, kuma nauyinsa kilo 27 ne a ranar da aka kawo shi. Gadi yake yi a wata gonar kaji da ke bayan garin Zariya, inda ake ɗaure shi da rana a sake shi da dare. Abin da ya sa aka kawo shi asibiti shi ne wani kumburi a ƙarƙashin idonsa na dama, wanda ya fashe yana tsatsar da mugunya haɗe da jini, har gashin wurin ya cure ya daskare. Mai gonar ya ce wannan ne karo na uku da kumburin ya fito a wuri ɗaya cikin kamar wata huɗu, kuma kowane karo yakan lafa bayan an yi magani, sannan ya dawo.

Tarihin ciwon

A karon farko an ɗauka rina ce ta harbe shi, saboda haka ba a yi masa komai ba, kumburin ya nuna, ya fashe da kansa, ya bushe. A karo na biyu ma'aikatan gonar sun zaci tsutsar ƙuda ce, irin wadda ke shiga fatar karnukan da ke kwanciya a ƙasa, ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya. Zaton nasu yana da madogara, domin wannan tsutsa ta zama ruwan dare a karnukanmu, kuma ƙurjinta ya yi kama da abin da suka gani. Da suka matse wurin ba su sami tsutsa ba, sai aka kira wani mai sayar da magungunan dabbobi, ya yi wa karen allurar oksitetarasaikilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta mai daɗewa a jiki, ya kuma fesa masa shuɗin maganin rauni. Ciwon ya rufe, fata ta haɗe, kowa ya sakankance an rabu da shi. Bayan 'yan makonni ya sake tasowa, aka sayo kafson amoksisilin na mutane a kemis, aka haɗa masa da maganin rage raɗaɗi na dikulofinak, amma a kwana na biyu karen ya fara amai, aka dakatar. Aman nan ne ya tayar wa mai gonar da hankali har ya ɗauko shi a mota, kuma ya yi daidai da ya tsorata, domin dikulofinak da ibufurofen suna cin cikin kare, suna kuma iya lalata masa ƙoda ko da a kan adadin da mutum ke sha lafiya lau.

Da aka tambayi mai gonar ko karen yana nuna alamar ciwon baki, amsarsa ita ce: "Likita, ai cin abincinsa lafiya ƙalau. Da haƙori ne da tuni ya daina ci." Yaron da ke ba karen abinci kuwa ya san abin da maigidansa bai sani ba. Ya ce an daɗe karen yana karkatar da kai zuwa hagu idan yana tauna, wani lokaci loma takan faɗo daga bakinsa ya sake ɗauka, kuma ba ya yarda a shafa masa fuska ta ɓangaren dama, abin da a da yake so. Abincinsa ragowar tuwo ne da dafaffun kawunan kaji da ƙafafunsu, sannan duk mako ana kawo masa ƙashin ƙwaurin saniya daga kwata, wai don ya wasa haƙoransa. Yaron ya ƙara da cewa tun kafin kumburin farko ya fito karen ya rage ɗokin ƙashin, yakan lashe ɓargon ya bar sauran. A ganina wannan bayani na yaron ya fi duk wani gwajin da aka yi daga baya nuna inda za a duba, kuma shi ya sa a kowane irin lamari nake son a zo da mai ba dabbar abinci.

Abin da aka gani

Kafin a sa hannu a bakin kowane kare a ƙasar nan, tambayar farko ita ce ta rigakafin ciwon haukan kare, domin cutar tana nan tare da mu, ta miyau ake ɗaukarta, kuma dalalar miyau da ƙin cin abinci suna cikin alamunta kamar yadda suke cikin alamun ciwon haƙori. Wannan karen yana da katin rigakafi da bai wuce wa'adi ba, hankalinsa ɗaya, yana gane mutanensa. Zafin jikinsa digiri 39.1 ne, wanda bai fita daga ƙa'ida ba. An ga kaska da yawa a kunnuwansa da tsakanin yatsunsa, kaluluwar ƙarƙashin muƙamuƙinsa ta dama ta ɗan tasa, bakinsa kuma yana wari. Idon da kansa lafiya yake, ba ya hawaye, bai turo ba. Kumburin ya kai faɗin yatsu biyu, da ɗan rami a tsakiyarsa.

Da aka sa masa takunkumi mai sassauci aka ɗaga leɓensa na sama, sai aka ga bambanci bayyananne tsakanin ɓangarorin biyu. Haƙoran hagu suna da ɗan datti kaɗan, na dama kuwa sun yi kanta mai kauri, launin ƙasa-ƙasa, musamman babban haƙorin yanka na sama, wanda kanta ta lulluɓe shi har ba a ganin siffarsa, dasashin da ke kewaye da shi kuma ya yi ja. Irin wannan bambanci alama ce mai ƙarfi, domin tauna tana goge haƙori, kuma ɓangaren da dabba ta daina tauna da shi ne yake tara datti. Sauran abubuwan da kan kawo kumburi a wannan wuri, wato cizon wani kare, ko ƙaya ko tsinken ciyawa da ya shige fata, ko ƙari a ƙashin fuska, duk an riƙe su a zuciya. Sai dai kumburin da ya fito sau uku a gurbi ɗaya, yana lafawa da maganin kashe ƙwayoyin cuta yana dawowa, a fuskar karen da ake ba ƙashin ƙwauri, ya kamata a ɗauke shi a matsayin ciwon haƙori har sai bincike ya nuna akasin haka.

Gwajin jini ya nuna ƙoda da hanta suna aiki daidai, amma ƙwayoyin da ke daskarar da jini sun ragu zuwa 120,000 a kowace maikurolita (wani ɗan mitsitsin ma'auni) ta jini, alhali a lafiyayyen kare sukan kama daga 200,000 zuwa 500,000. A karen da kaska ta cika wa jiki, abin da aka fi zargi shi ne cutar da kaskar kare ke ɗauka wadda ke rage waɗannan ƙwayoyi, kuma tana da yawa a yankinmu. Cire babban haƙori aiki ne da ake zubar da jini a cikinsa, saboda haka aka ɗage shi, aka fara ba karen doksisaikilin, maganin wannan cuta, na mako huɗu, aka kashe kaskar jikinsa da ta makwancinsa, aka ba shi maganin kare ciki da wani maganin rage raɗaɗi daga rukunin da ba ya cin ciki. Bayan kwana goma ƙwayoyin jinin sun haura 200,000, aka sa ranar aiki.

Yadda haƙori ke ɓullo da ciwo a fuska

Babban kare yana da haƙora 42, guda 20 a sama da 22 a ƙasa, waɗanda ke maye gurbin haƙoran nono 28 kafin ya cika wata bakwai. Mafi ƙarfin aiki a cikinsu su ne haƙoran yanka: na huɗu bayan fiƙa a sama, wanda likitoci ke ba lamba 108 a dama da 208 a hagu, da kuma turmi na farko a ƙasa. Waɗannan biyun ba sa haɗuwa kai da kai irin turamen mutum, gefe da gefe suke gogar juna su yanka nama da jijiya. Idan abin da ya shiga tsakaninsu ya fi haƙori tauri, kamar ƙashin ƙwaurin saniya ko ƙaho ko kofato ko dutse, sai ƙarfin muƙamuƙi ya koma kan haƙorin sama, ya ɓantare fuskarsa ta wajen kunci. Ɓawon haƙorin kare mai ƙyalli bai kai kaurin milimita 1 ba, ya fi na mutum siranta nesa ba kusa ba, don haka ɓantarewar ba ta da nisa da ɓargon haƙori, inda jijiyoyi da hanyoyin jini suke.

Da zarar ɓargon ya buɗe, ƙwayoyin cutar baki sun sami ƙofa. A kwanakin farko zafin yana da tsanani, daga baya ɓargon ya mutu, ƙwayoyin cutar su cika ramin, su gangara ta cikin saiwa su fita ta bakinta, su fara cin ƙashin da ke riƙe da ita. Haƙorin nan saiwa uku gare shi, kuma bakunansu suna ƙarewa ne a ƙashin da ke dab da ƙasan ido, wanda ba shi da kauri. Mugunya tana bin hanyar da ta fi mata sauƙi, sai ta huda ƙashin ta taru a ƙarƙashin fata, ta fashe a fuska. Fashewar tana rage matsi, zafi ya ragu, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma ya share abin da ya bazu a nama, fata ta rufe. Amma jini ne ke kai magani inda ake bukatarsa, kuma mataccen ɓargo ba jinin da ke shiga cikinsa, saboda haka ƙwayoyin cutar da ke cikin ramin haƙorin ba abin da ya taɓa su. Kamar ƙaya ce da ta karye a tafin ƙafa: duk maganin da aka shafa a sama, muddin tana ciki wurin zai sake ruruwa. Wannan shi ne dalilin dawowar kumburin sau uku, kuma da an ci gaba da sauya magani da an ci gaba da ganinsa, tare da koya wa ƙwayoyin cutar jure magungunan da za a bukata wata rana.

Maganar mai gonar cewa kare mai ciwon haƙori ba ya cin abinci ita ce fahimtar da ta fi jinkirta magani a irin wannan lamari. Kare da kyanwa suna da jijiyoyin haƙori irin namu, suna jin zafi kamar yadda muke ji, amma yunwa ta fi zafin ƙarfi, kuma ɗabi'arsu ce su ɓoye rauni. Ban da haka, kare ba ya tauna abinci sosai, yankawa yake yi ya haɗiye, tuwo kuwa ko yanka ba ya bukata. Dabbar da ta kai ga daina ci saboda baki, ta daɗe ƙwarai tana shan wahala kafin a kai nan.

Shawara da mai kare

Hanya biyu ce ke kawar da tushen ciwon. Ta farko ita ce a kwashe mataccen ɓargon, a wanke ramukan saiwoyin uku, a cike su a toshe, haƙorin ya zauna a wurinsa. Ana yin haka a asibitocin ƙwararru, musamman ga karnukan 'yan sanda da na soja, amma yana bukatar kayan aiki na musamman da hoton haƙori a kowane mataki, da kuma bibiya ta shekaru. Ta biyu ita ce a cire haƙorin gaba ɗaya. Ga karen gona da ya yi watanni da ciwo, a asibitin da ba shi da kayan hanya ta farko, cirewa ce ta dace.

Mai gonar ya kawo damuwa biyu. Ta farko ita ce ko karen zai iya ci gaba da gadi, aka bayyana masa cewa kare da fiƙoƙinsa huɗu yake kamu, kuma ba a taɓa su ba. Ta biyu ita ce tsoron allurar barci, inda ya ce: "Likita, ba za a danne shi a fincike haƙorin da filaya ba, a huta?" Amsar ita ce saiwoyin uku a ware suke, kowace ta nufi nata ɓangaren, kuma duk wanda ya ja haƙorin a dunƙule zai karya shi ne ya bar guntayen saiwa a cikin ƙashi, ciwon ya ci gaba a inda ba a gani. Ban da azabar da za a ba dabbar, akwai haɗarin cizo ga masu riƙo. Ko kankare kanta kaɗai ba a yin sa da kyau a kan dabbar da take farke, domin dattin da ke cutarwa yana ƙarƙashin dasashi ne, kuma tun shekarar 2013 Ƙungiyar Asibitocin Dabbobi ta Amurka ta wajabta wa asibitocin da take tantancewa su sa dabba barci, su kuma sa mata bututun numfashi a duk aikin haƙori. Allurar barci tana da nata haɗarin, ba a ɓoye masa ba, amma gwajin jini da ƙarin ruwa da sa ido kan numfashi da bugun zuciya suna rage shi matuƙa. Ya amince, ya sa hannu a takarda.

Aikin

An hana karen abinci tun dare, aka sa masa ƙarin ruwa, aka sa shi barci, aka zura bututun numfashi mai balan-balan a maƙogwaro, aka kuma cusa bandeji a bayan baki tare da sunkuyar da kai, don kada ruwa ko ɓurɓushin kanta su gangara huhu. An wanke bakin da ruwan kashe ƙwayoyin cuta na kulorheksidin mai ƙarfin kashi 0.12 cikin 100. Da aka ɓamɓare kantar da ke kan haƙori mai lamba 108, sai ɓantarewar ta bayyana: fuskar haƙorin ta wajen kunci ta tsage daga sama har ƙasan dasashi, da wani baƙin ɗigo a tsakiya wanda tsinken bincike ya shige cikinsa. Ramin ɓargon ke nan a buɗe.

An bi sauran haƙoran ɗaya bayan ɗaya da tsinken auna zurfin dasashi. A lafiyayyen kare zurfin ba ya wuce milimita 3. Yawancin haƙoransa ba su wuce haka ba, sai dai dasashin ɓangaren dama yana jini idan an taɓa, wanda shi ne mataki na farko cikin matakai huɗu na ciwon dasashi, kuma shi kaɗai ne matakin da ke warkewa sarai, domin daga na biyu ƙashi ya fara zaizayewa, ba ya kuma dawowa da kansa. Bayan fiƙoƙinsa ya ɗan goge, alamar yana cizon sarƙa ko ƙarfen keji. Haƙorin yanka na hagu, mai lamba 208, shi ma kansa ya ɗan ɓantare, amma tsinke bai shiga ba, ɓargonsa a rufe yake. An ɗauki hoton ƙashi da babbar na'urar asibiti, baki a buɗe kai a karkace, ya nuna duhu kewaye da bakin saiwar baya ta haƙorin dama, wato inda ƙashi ya cinye, babu kuma alamar ƙari. Ƙaramar na'urar hoton haƙori ta fi wannan fitar da abu dalla-dalla, kuma amfaninta ba kaɗan ba ne: wani bincike da aka wallafa daga Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a 1998 ya gano cewa hoton haƙoran da ido ke gani lafiya ya bankaɗo matsala mai muhimmanci a kusan kashi 28 cikin 100 na karnuka, da kusan kashi 42 cikin 100 na kyanwoyi. Asibitin dabbobin da ke son yin aikin haƙori da gaske ya kamata ya sa wannan na'ura a gaba cikin abin da zai saya.

An kankare dukkan haƙoran sama da ƙasan dasashi, aka goge su suka yi santsi, domin haƙorin da aka bari da kaushi ya fi saurin kama datti. Daga nan aka yi allurar kashe zafi a jijiyar da ke ba muƙamuƙin sama na dama ji, wadda ke rage yawan maganin barcin da ake bukata, ta kuma sa dabba ta farka ba cikin raɗaɗi ba. An tsaga dasashi aka ɗaga shi, ana kaffa-kaffa da bakin bututun miyau da ke buɗewa kusa da wannan haƙori, da kuma jijiyoyin jinin da ke bi ta saman saiwoyin gaba. An rage ƙashin gefe kaɗan, aka yanka haƙorin gida uku, kowane yanki da saiwarsa. Kowace saiwa an sassauta ta ne da haƙuri, a zura abin ɓamɓara tsakaninta da ƙashi, a murɗa kaɗan a riƙe na daƙiƙu da dama har zaruruwan da ke ɗaure da ita su gaji su saki. Gaggawa a wannan mataki ita ce ke karya saiwa, musamman 'yar siririyar da ke ɓangaren ganɗa. Duka ukun sun fito cikakku, ta bayan da ɗan ƙunshin ruɓaɓɓen nama a bakinta.

Da aka kankare ramin aka ɗura masa ruwan gishiri na asibiti, sai ruwan ya ɓullo ta ramin da ke ƙasan ido, wanda ya tabbatar da cewa hanya ɗaya ce daga saiwar zuwa fuska. An daddale bakin ƙashin, aka saki dasashin yadda zai rufe ramin ba tare da ja ba, aka ɗinke da zare mai narkewa. Ciwon fuskar an aske gashin kewayensa aka wanke, ba a ɗinke shi ba, tunda abin da ke ciyar da shi ya fita.

Bayan aiki

Karen ya koma gida a ranar da yamma. An ba shi maganin rage raɗaɗi na meloksikam na 'yan kwanaki, tunda cikinsa ya lafa ƙodarsa kuma lafiya take, ya ci gaba da doksisaikilin ɗinsa har ya cika mako huɗu, ba a ƙara masa wani maganin kashe ƙwayoyin cuta ba domin babu bukata. An ce a ba shi abinci mai laushi na mako biyu. Da aka dawo da shi, ɗinkin ya kama, ramin fuskar ya rufe ya bar ɗan tabo, warin bakin ya tafi. Yaron ya ce karen ya koma wasa da tsalle irin na da, har yana kawo fuskar dama a shafa masa, mai gonar kuwa ya ce shi a zatonsa girma ne ya sa karen ya yi sanyi.

Batun ƙashi ya ɗauki lokaci kafin a fahimci juna, domin imanin cewa kare da ƙashi ba sa rabuwa ya kafu sosai. Gaskiya ne ƙashi yana kankare kantar da ake gani, amma ba ya kai wa ƙasan dasashi, kuma shi ne ya fasa wannan haƙori. Binciken da aka yi a kan ƙoƙunan kan kyarkeci, wanda bai san wani abinci ba sai nama da ƙashi, ya sami karyayyun haƙora da ciwon dasashi da yawa. Ma'aunin da aka ba su mai sauƙi ne: duk abin taunar da farce ba zai iya lotsa shi ba, ya yi wa haƙorin kare tauri. An hana ƙashin ƙwauri da ƙaho da kofato, aka ce a niƙa kawunan kaji da ƙafafun kafin a ba shi, domin dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya yi tsini. A madadinsu an ba da shawarar abin tauna na roba mai lanƙwasuwa. Akwai kuma kayan tauna masu ɗauke da hatimin VOHC, wata majalisa da aka kafa a Amurka a 1997 don tantance kayan da ke rage dattin haƙoran dabbobi, sai dai suna da tsada a nan, kuma ba sa maye gurbin buroshi.

Buroshi shi ne ginshiƙi, saboda dattin haƙori yana fara taruwa cikin sa'o'i, ya fara daskarewa ya zama kanta cikin 'yan kwanaki, kuma idan ya daskare buroshi ba ya cire shi. Kullum ya kamata a goge. An koya wa yaron ya fara da ɗaga leɓe kawai yana yaba wa karen, bayan kwanaki ya shafa ruwan romo a haƙoran, sannan ya shigo da buroshi mai laushi mai dogon mariƙi, ya karkata shi zuwa inda haƙori ya haɗu da dasashi, ya goge fuskar waje kaɗai ba tare da buɗe bakin ba. Man goge baki na mutane ba na dabba ba ne, domin kare haɗiyewa yake yi, fuloraid yana cutar da shi, wasu man kuma suna ɗauke da zailitol, wani sinadarin zaƙi wanda guba ne gare shi. Idan babu man karnuka, buroshi da ruwa sun wadatar. Yaron ya nuna ƙyamar taɓa miyau, wanda abu ne da mutane da yawa a cikinmu suke ji, kuma bai kamata likita ya yi kamar bai gani ba. An ba shi safar hannu ta roba da kofi na musamman na wanke buroshin, aka kuma jaddada cewa karen gadi wanda ya saba da shi ne kaɗai zai yi masa wannan aiki.

A wannan zuwan ne mai gonar ya kawo kyanwar da ke kama ɓeraye a ɗakin ajiyar abincin kaji, saboda tana dalalar miyau, tana zuwa wurin abinci ta ɗan taɓa ta gudu. Kyanwa haƙora 30 gare ta, kuma cutar da ta fi damun su dabam ce da ta kare: jikinta ne da kansa yake narkar da haƙorin, yawanci daga wuyansa, har ya kai ga ɓargo. An ga ɗan jan nama ya hau kan haƙori na farko bayan fiƙarta ta ƙasa, wanda shi ne ya fi yawan kamuwa, kuma da aka taɓa shi sai muƙamuƙinta ya ɗauki rawa. Ciko ba ya tsayar da wannan cuta, cirewa ce maganinta, aka kuwa cire. An gargaɗe su da kakkausar murya kada su taɓa ba ta farasitamol, domin ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa.

Wata shida bayan aikin, kumburin karen bai dawo ba, nauyinsa ya ƙaru zuwa kilo 29. Gogewar ba ta zama ta kullum ba, yaron ya ce yana samun yi sau uku ko huɗu a mako, kuma turmin ƙasa na dama, wanda ya rasa abokin gugarsa, ya fara tara kanta fiye da na hagu, don haka aka nuna masa ya fi ba shi ƙarfi. Haƙorin yanka na hagu bai sauya launi ba, dasashinsa lafiya yake, amma haƙorin da ya ɓantare yana iya mutuwa a hankali ko da ɓargonsa bai buɗe ba. An sa masa ranar ɗaukar hoto idan aikin ya cika shekara, tare da sabunta rigakafin haukan kare, kuma an gaya wa mai gonar da yaron cewa idan suka ga haƙorin ya yi ruwan toka ko ruwan hoda, ko karen ya fara karkatar da kai zuwa dama, su kawo shi ba tare da jiran ranar ba.